Daga Annabi Adamu zuwa Dutsen Dala: Muhawarar asalin ɗan Adam da matsayin Musulmi

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda Ya halicci mutum daga yumɓu, Ya busa masa rai, sannan Ya watsa zuriyarsa a bayan ƙasa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, a ƙasar Gaya, tun daga cikin gari har zuwa garuruwan Ajingi irin su Gafasa da Toranke da Balare, akwai maganar da yaro ke tasowa ya tarar a bakin manya, cewa Gaya ta girmi Kano. Madogararta shi ne labarin da aka gada na wani maƙeri mai suna Kano, wanda ya baro Gaya yana neman tama, ya yada zango a gindin Dutsen Dala, garin ya ci sunansa. Zuriyar waɗannan maƙera su ne Abagayawa, kuma har gobe ana kiransu da wannan suna a cikin birni.

Wannan labari amsa ce ga wata tsohuwar tambaya: daga ina muka zo? A yau ɗan Gafasa da ke sakandare, ko wanda ya samu gurbi a jami'ar Wudil, yana jin amsar da ta zarce Gaya da Kano da dubban shekaru. Ana karantar da shi cewa mutum ya ɓulla a Afirka shekaru dubu ɗari uku da suka wuce, daga nan ya mamaye duniya. Idan ya kawo zancen gida, sau da yawa ɗayan biyu ne ke faruwa. Ko dai uba ya ce kafirci ne, a rufe bakin yaro, ko kuma yaron ya ƙudurta a ransa cewa addini ba shi da ta cewa. Duka biyun asara ce, kuma maganinsu ɗaya: a san abin da masana suka faɗa, a san abin da wahayi ya yanke, a ajiye kowanne a muhallinsa.

Abin da masana ke jayayya a kai

Masu binciken ƙasusuwan mutanen da suka shuɗe suna kiran mutum irinmu Homo sapiyens. Sun daɗe da sanin cewa an yi wasu halittu masu tafiya da ƙafa biyu, masu sassaƙa dutse da hura wuta, waɗanda ƙirarsu ta ɗan saɓa da tamu. Mafi shahara a cikinsu shi ne Niyandatal, wanda aka tono ƙasusuwansa a wani kwari a Jamus a 1856. Saɓaninsu yana kan alaƙar waɗannan halittu da mutanen yau.

Ra'i na farko ya ce mutum ya samu kamanninsa na yanzu a yankuna da dama lokaci guda: a Afirka, da Turai, da Sin, da tsibiran Indunusiya, kuma auratayya tsakanin yankunan ce ta hana su rabuwa. Milford Wolpoff da Alan Thorne da Wu Xinzhi su suka tsara wannan ra'i a 1984.

Ra'i na biyu, wanda Chris Stringer na Landan ya yi fice wajen karewa, ya ce mutum irinmu a Afirka kaɗai ya fara bayyana. Wani ƙaramin ayari ne ya fita daga nahiyar kimanin shekaru 60,000 da suka wuce, ko ta Sina'i ko ta mashigar Babul Mandab zuwa Yaman, zuriyarsa suka kai Asiya da Turai da Ostareliya, suka maye gurbin waɗanda suka tarar. A 1987 wannan ra'i ya samu ƙarfi, sa'ad da Rebecca Cann da Mark Stoneking da Allan Wilson suka bi diddigin wani sashe na ƙwayoyin gado wanda ta wajen uwa kaɗai ake gadonsa, a jikin mutum 147, suka ga dukkan rassan suna komawa ga mace guda da ta rayu a Afirka wajen shekaru 200,000 baya. Ƙasusuwan kwarin Omo na Habasha, masu shekaru kusan haka, sun ƙarfafa zancen.

An yi shekara ashirin da wani abu ana kai ruwa rana, sai ga abin da babu ɓangaren da ya faɗe shi daidai. A 2010 ayarin Svante Paabo a Jamus ya karanta ƙwayoyin gadon Niyandatal, ya gano cewa mutanen da asalinsu ke wajen Afirka suna ɗauke da kimanin kashi 2 cikin 100 daga gare shi. A shekarar kuma, wani guntun ƙashin yatsa daga kogon Denisoba na Saiberiya ya bayyana wata al'umma ta daban, wadda mutanen Papuwa ke ɗauke da gadonta da ya kai kashi 4 zuwa 6. Wannan aiki shi ya jawo wa Paabo kyautar Nobel a 2022. Ma'ana, an fita daga Afirka, amma an yi cuɗanya a hanya.

Sannan a 2017 aka sake auna ƙasusuwan Jabal Irhud na Maroko, aka samu shekaru kusan 300,000. Wannan ya sa wasu masana suka bar neman wani lungu guda a gabashin Afirka, suka koma cewa al'ummu ne da dama a sassan nahiyar, suna rabuwa idan fari ya raba su, suna haɗuwa idan damina ta dawo. A 2018 kuma aka sanar da ƙashin yatsan mutum da aka samu a Alwusɗa, cikin hamadar Nafud ta Saudiyya, mai shekaru sama da 80,000, a bakin wani tafki da ya ƙafe.

Mai hankali zai lura da abu biyu. Akwai abin da hujjoji suka taru a kansa: mutanen yau tsatso ɗaya ne, ƙwayoyin gadonsu sun yi daidai da kusan kashi 99.9 cikin 100, kuma mafi yawan rassan wannan tsatso a Afirka suke. Akwai kuma abin da ke sauyawa da kowane sabon tono, wato yaushe, ta wace hanya, kuma sau nawa. Fanni ne da ya taɓa cin tuntuɓe ma: ƙoƙon kan Filtdawun da aka baje a Ingila a 1912 sai a 1953 aka gane jabu ne, an haɗa kan mutum da muƙamuƙin biri. Su masanan ne da kansu suka tona asirin.

Rabon yankinmu a cikin labarin

Ba sai an tafi Habasha ko Saiberiya ba. A 1965 Thurstan Shaw ya tono wani ƙoƙon kai a Iwo Eleru, kusa da Akure. Da aka sake nazarinsa a 2011, an ba shi shekaru kimanin 13,000, amma ƙirarsa ta fi kama da ta mutanen da suka riga wannan zamani da nisa. A 2020 wasu masana biyu a Amurka suka ba da rahoton cewa a ƙwayoyin gadon Yarbawa da Mende na Saliyo akwai alamar wata tsohuwar al'umma da ba a samu ƙashinta ba. Wasu masanan suna fassara wannan alama ta wata fuska, ana nan ana tattaunawa.

Abin da ya fi kusa da mu shi ne labarin ruwa. Kogin da ya ratsa Wudil yana gangarawa Haɗeja, ya bi ta Yobe, ya nufi Tafkin Cadi. A cikin wannan kwari, a Dufuna ta ƙaramar hukumar Fune, wani makiyayi Bafulatani yana haƙa rijiya a 1987 ya ci karo da kwalekwalen katako mai tsawon sama da mita 8. Awo ya nuna ya kai shekara 8,000, shi ne mafi tsufa da aka sani a Afirka. A wancan zamani Tafkin Cadi teku ne mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 300,000, Sahara kuwa makiyaya ce. A Gobero, cikin hamadar Tenere ta Nijar, inda a yau babu sai rairayi, an gano maƙabarta a shekarar 2000 mai kaburbura kusan 200, tare da ƙugiyoyin kamun kifi da ƙasusuwan dorina da kada. Al'ummu biyu ne suka zauna a wurin, fari na kusan shekara dubu ya raba tsakaninsu. Da hamada ta ci ƙasar, mutane suka yi kudu suna bin ruwa. Duk wanda ya ga yadda fari na 1973 da na 1984 suka taso da jama'a daga arewa zuwa garuruwanmu ya san yadda irin wannan ƙaura take.

Asalin Bahaushe: muhawara guda a ƙaramin fage

Tambayar da ake yi game da ɗan Adam ita ce ake yi game da Bahaushe: baƙo ne da ya zo daga wuri guda, ko ɗan ƙasa ne da baƙi suka yi ta shiga cikinsa?

Labarin Bayajida ya ce daga Bagadaza ya taso, ya biyo ta Barno, ya kashe macijiya a rijiyar Kusugu, ya auri Daurama, jikokinsa suka kafa Hausa Bakwai. Amma a duba labarin da kyau. Kafin ya isa Daura sai da ya tsaya a Gaya, maƙera suka ƙera masa wuƙar da ya yi aikin da ita. Ya tarar da gari, da sarauniya, da rijiya, da maƙera masu sarrafa ƙarfe. Labarin da kansa ya shaida cewa akwai mutane kafin baƙon. Haka littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908: da Barbushe, wanda ya fito daga zuriyar Dala, ya buɗe, sannan Bagauda ya zo, a lissafin Palmer, a shekarar 999. Awon da aka yi wa ragowar matoyar tama a Dala ya nuna ana narka ƙarfe a wurin tun wajen ƙarni na 7 na Miladiyya, wato kusan zamanin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake Madina.

Turawan mulkin mallaka sun so labarin baƙo daga gabas, domin ya dace da ra'ayin da C. G. Seligman ya yaɗa a 1930, cewa duk wata wayewa a Afirka wasu fararen makiyaya ne da ya kira Hamawa suka shigo da ita. Masana tarihi sun rushe wannan. Farfesa Abdullahi Smith na Jami'ar Ahmadu Bello ya nuna a 1970 cewa sarautun Hausa a gida suka tsiro, daga ƙauye zuwa gari zuwa birni. John Sutton kuma a 1979 ya kawo cewa harshen ya bazu ne daga gabas zuwa yamma, daga yankin da ke tsakanin Haɗeja da Daura da Kano. Idan haka ne, ƙasar Gaya tana cikin tsohon gidan Hausa.

Harshe ma shaida ne. Hausa tana cikin dangin harsunan Cadi tare da Bade da Ngizim da Bole da Karekare, su kuma reshe ne na babban gidan da ya haɗa Larabci da Ibrananci da Buzanci da tsohon harshen Misira. Kalmomi irin su littafi da alƙali aro ne da Musulunci ya kawo. Amma mutu, da suna, da harafin ma- na farkon maƙeri da mabuɗi, masana harshe suna ganinsu gado ne da Hausa da Larabci suka ci daga kaka ɗaya. Dangantakar ta 'yan uwantaka ce, ba ɗaya ce ta haifi ɗaya ba.

A kan wannan tushe baƙi suka yi ta sauka. Tarihin Kano ya ambaci zuwan Wangarawa da Musulunci a zamanin Sarki Yaji, da zuwan Fulani daga Mali da littattafai a zamanin Sarki Yakubu, kuma a wannan zamani ne ya danganta Sarkin Gaya Agalfati da gidan sarautar Machina. Bahaushe kogi ne da rafuka da yawa suka zuba a cikinsa.

Abin da wahayi ya yanke, da abin da ya bari

Alƙur'ani ya yanke abubuwa a sarari. Allah Shi ne Mahalicci, babu abin da ya samu da kansa. Ya halicci Annabi Adamu daga turɓaya ba tare da uba ko uwa ba, kamar yadda aya ta 59 ta Suratu Ali Imrana ta kafa hujja da shi a kan lamarin Annabi Isa. Dukkan mutane daga rai guda suke, shi da matarsa, kamar yadda Suratun Nisa'i ta buɗe da shi. Wannan aƙida ce. Duk inda littafin makaranta ya ce mutum ba kome ba ne face sakamakon sauye-sauye marasa manufa, ko ya kore halittar Adamu, Musulmi yana tare da nassi. Ɗalibi zai iya koyon ra'in, ya rubuta shi a jarrabawa a matsayin abin da masu fannin suka faɗa, domin ƙa'ida ce a wurin malamai cewa naƙalto magana daban, ƙudurta ta daban.

Akwai kuma abin da wahayi bai ƙayyade ba. Bai faɗi shekarar da aka halicci Adamu ba. Lissafin shekara dubu shida daga Ahlul Kitabi ya fito, wani limamin kirista ɗan Ayalan, James Ussher, har ya tsayar da 4004 kafin Miladiyya. Ibnu Hazm, wanda ya rasu a 456 bayan Hijira, ya bayyana a littafinsa Alfisal cewa Musulmi ba su yanke wani adadi ga shekarun duniya ba. Aya ta 38 ta Suratul Furƙan ta ambaci al'ummu masu yawa tsakanin waɗanda aka ba mu labarinsu, aya ta 9 ta Suratu Ibrahim kuma ta nuna akwai waɗanda Allah kaɗai Ya san su. Haka wurin da Adamu ya sauka: ana ruwaito Indiya ko Sarandib, ana ruwaito Jidda ga Hauwa'u, amma maganganun magabata ne, ba ingantaccen hadisi daga Annabi ba. Game da irin waɗannan labarai na Banu Isra'ila, Bukhari ya ruwaito umarnin kada a gaskata su kuma kada a ƙaryata su.

Saboda haka wanda ya ce mutane sun bazu daga Afirka bai ƙaryata wata aya ba. Wanda ya tono ƙashin wata halitta mai kama da mutum bai rushe wani hadisi ba, domin babu nassin da ya ce Allah bai halicci irinta ba. Wace ce a cikinsu zuriyar Adamu, wace ce ba ita ba? Nassi bai yi magana ba, ƙashi kuma ba ya nuna rai ko ɗaukar amana. Nan wurin dakatawa ne, abin da malamai ke kira tawaƙƙufi. Binciken kansa kuwa, aya ta 20 ta Suratul Ankabut ta yi umarni da a yi tafiya a cikin ƙasa a duba yadda aka fara halitta.

Sai dai a yi hattara da zumuɗi. 'Yan jarida sun laƙaba wa macen binciken 1987 sunan Hauwa'u, wasu masu wa'azi suka ɗauka suna cewa kimiyya ta gano Nana Hauwa'u. Masu binciken ba haka suke nufi ba. A wurinsu mace ce cikin mata masu yawa na zamaninta, layinta ne kawai bai yanke ba. Wanda ya ɗaura aya a jikin ra'in da ka iya sauyawa gobe, ya jawo wa ayar abin da ba ruwanta.

Gorin asali

Amfanin wannan ilimi ba a jarrabawa ya tsaya ba. A ƙarni na 19 wasu masana a Amurka, irin su Samuel Morton da Louis Agassiz, sun ce baƙi da farare asalinsu daban-daban ne, masu cinikin bayi suka yi maraba da zancen. Wasu kuma suka fake da tatsuniyar cewa baƙar fata la'ana ce da ta faɗa wa Hamu ɗan Annabi Nuhu. Ibnu Khaldun ya yi watsi da wannan tun ƙarni na 14, ya danganta launi da yanayin ƙasa da zafin rana. Shehu Ahmad Baba na Tambutu ya bi sahunsa a Mi'irajus Su'ud a 1615, ya kuma lissafa mutanen Kano da Katsina cikin Musulmin da bai halatta a bautar ba. Kafin su duka, Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito daga Abu Musal Ash'ari cewa an halicci Adamu daga damƙin da aka ɗebo daga dukkan ƙasa, shi ya sa 'ya'yansa suka zo ja da fari da baƙi. Aya ta 22 ta Suratur Rum ta sanya saɓanin harsuna da launuka cikin ayoyin Allah.

To, mu fa? Har yau ana fasa aure a garuruwanmu saboda an bincika an ce yaron ɗan maƙera ne, ko ɗan wanzamai, ko ɗan mahauta, ko kakansa bawa ne. Ana yin haka a ƙasar da take alfahari da cewa maƙerinta ne ya kafa Kano, kuma maƙeranta ne suka ɗamara wa Bayajida makami. Har yau akwai gidajen da ba su jin sun cika sai sun jingina kansu da Bagadaza ko Yaman ko Misira, kamar zama ɗan wannan ƙasa aibi ne. Muslim ya ruwaito cewa sukar nasaba tana cikin ɗabi'un jahiliyya da suka rage a cikin al'umma. Bukhari kuma ya kawo gargaɗi mai tsanani ga wanda ya danganta kansa ga wanda ba ubansa ba alhali yana sane. An so mu san nasaba domin sada zumunci, kuma aya ta 13 ta Suratul Hujurat ta fayyace cewa an yi mu ƙabilu ne domin mu san juna, ɗaukaka kuwa ta taƙawa ce.

Ya kai uba, idan ɗanka ya zo da wannan tambaya, kada ka kore shi. Ka zaunar da shi, ku rarrabe abin da ke aƙida, da abin da ke bincike, da abin da ke labarin kaka da kakanni. Idan abin ya fi ƙarfinka, ka haɗa shi da malamin da ya san ɓangarorin biyu. Kai kuma ɗalibi, ka karanta fanninka har ka ƙware, domin ƙasarmu cike take da kufai da matoyar tama da tsofaffin ganuwa da ke jiran masu bincike daga cikin 'ya'yanta, gonaki da gine-gine kuwa suna cinye su kullum. Wanda ya tsinci tsohuwar tukunya ko ƙashi a gona, ya sanar da hukumar gidajen tarihi, kamar Gidan Makama a Kano, maimakon ya fasa ko ya sayar.

Allah Ya ƙara mana ilimi mai amfani, Ya tsare mana imaninmu, Ya cire mana girman kai da gorin asali. Allah Shi ne Mafi sani.